Motar da Ta Ƙi Mutuwa

A Hausare, unguwarmu ta Garwa, in ka tambayi gidan Shu'aibu sai an tambaye ka wanne, don masu sunan sun fi kaji yawa. Amma ka ce Shu'aibu mai Marsandi, ko ɗan goye zai nuna maka da baki. Baffana ne, ƙanin mahaifina, mahauci ɗan mahauci. Kullum yakan yi sammako zuwa mayanka, ya dawo rana tsaka rigarsa na ƙarni, ya yi wanka, ya ci tuwo, sannan ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota kamar wanda aka aika wurin tururuwa da saƙo.

Motar tsohuwa ce, mai shan gazuwal, wato man dizal, launin ruwan ƙwai da rana ta ci. Ya saye ta ne a hannun wani ma'aikacin kamfanin auduga, Mushe Jacques, wato Malam Jacques da Faransanci, lokacin da ya ajiye aiki zai koma kudu. Abokansa na mayanka sun daɗe suna yi masa tsiya, wai mahaucin da ya karɓi kaya a hannun mushe ya kamata a binciki namansa. Baffa ba mai yawan magana ba ne, rabon surutun gidan ni na kwashe shi duka.

Tun da ya mallake ta ba ta taɓa kwana a gareji ba. Ba rowa ba ce, ra'ayi ne. Shi a ganinsa mota dabba ce da aka yi da ƙarfe, kuma wanda ya san cikin saniya ba zai rasa sanin cikinta ba. Tanki tumbi yake ce masa, salansa hanji, wayoyin wuta jijiyoyi. Wata rana na ce masa, "Baffa, ku fa wargazawa kuka iya. Ban taɓa ganin mahaucin da ya feɗe saniya ya mayar da ita ta tashi ba."

Daga ƙarƙashin motar ya amsa, "Ita saniyar ba ta da noti."

Haka ya yi ta gyaranta yana ƙara mata abin da Jamusawa suka manta. Ba su san zafin Garwa ba, sai ya maƙala mata ƙaramar fanka a rufi. Kujerun da suka yage ya rufe da jar fatar Maruwa, shi ya ɗinka da basilla. Bayanta da ke zama in an loda cinyoyin shanu kuwa, ya yanko tsohuwar tayar babbar mota ya cusa ya ɗaga shi, sai ta koma tafiya tana tura hanci ƙasa kamar rago mai neman faɗa.

Shekarar da aka yi ta kashe gari, vil mort in ji masu Faransanci, kasuwa a rufe, mayanka a rufe, Baffa ya rasa abin yi da hannunsa. Sai ya faɗa wa motar gaba ɗaya. Yini guda ya sauya matatar mai, ya wanke lagireto, ya ɗaura mata ƙaho na babbar mota, ya kwance wajen makulli ya goge. Da yamma ya tuna robar da ke fesa ruwa a gilashi ta tsage. Yana dube-dube ya ga wata siririyar roba mai ruwan ƙasa ta bi ta gefen inji ta shige ciki. Ya zare bakinta ya leƙa. Babu mai, babu ruwa, babu waya a ciki. A wurin mahauci irin wannan sunanta tantani, abin da ake yankewa a jefa wa kyanwa. Ya yanki taki guda ya yi amfani da ita, gilashi ya samu ruwa.

Ya tada mota ya ji aikinsa, ta tashi lafiya lau. Ya murɗa makulli ya kashe, ya zare shi ya sa a aljihu. Mota tana nan tana ƙugi. Ya mayar da makulli, ya murɗa, ya zare. Ko gezau.

Ya fito ya tsaya gabanta ya riƙe ƙugu. Maƙwabta suka fara taruwa, don ranar ba wanda ke da wurin zuwa. Cikinsu akwai Papa Georges, tsohon direba da ke zaune bayan gidanmu, wanda Hausarsa rabi Fulatanci ce. Ya zo da sandarsa ya ce, "Shu'aibu, buɗe kanta." Ya nuna masa wani ɗan jan ƙarfe a jikin inji. "Danna nan. Kar ka saki." Baffa ya danna, mota ta yi karkarwa ta yi shiru.

"Papa Georges, me ya same ta?"

"Ni tuƙi na yi, ban yi gyara ba. Wannan kawai aka nuna mini."

To, daga ranar haka rayuwa ta koma. Duk inda Baffa ya tsaya sai ya fito, ya ɗaga murfin inji, ya yi bisimilla, ya danne mata wuya. A mayanka aka samu abin taɗi: ga mutumin da ke kayar da bijimi kafin hantsi, ya kasa kashe motarsa. Wasu suka ce garin ma ya mutu amma Marsandin Shu'aibu ta ƙi. Akwai ranar da jandarma ya tsayar da shi a bakin gadar Binuwai ya ce ya kashe mota, Baffa ya buɗe ƙofa ya nufi gaban motar, jandarman ya ja da baya ya dafa ɗamararsa. Baffa dai bai damu ba. Yakan ce abin da ya ƙi mutuwa ya fi abin da ya ƙi tashi.

Mutum ɗaya ce ba ta ɗauki abin da wasa ba, Inna Dela, mahaifiyarsa, kakata. Tun ranar da ta ga makulli a hannun ɗanta mota kuma tana numfashi, ta daina bi ta kusa da ita. In za ta fita unguwa sai ta zagaya ta bayan rumbu.

Ana haka, bazara ta yi nisa, Ishaku dillalin shanu ya dawo daga Banyo da saƙon baka. Hassana, yayar Inna, ciki ɗaya, tana kwance, jiki ya yi nauyi, kuma ba ta da magana sai ta Dela. Su biyu ne suka rage a ɗakinsu, kuma rabon da su ga juna tun ina rarrafe. Ishaku ya ƙara da cewa hadari ya fara haɗuwa a can, don ruwan tudu yakan riga namu sauka, kuma in ya zauna hanyar Tibati zuwa Banyo ba ta ƙaramar mota ba ce.

Baffa ya durƙusa ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, ki shirya. Ni zan kai ki."

"A me?"

"A mota."

"Waccan? Allah ya tsare gatari da noma."

"Inna, lafiyarta ƙalau. Ƙarfe ne kawai ake dannawa."

"Shu'aibu, na girme ka, na kuma girme ta. Duk abin da ke numfashi yana da lokacin da zai yi shiru. Wannan an zare mata rai an sa a aljihu tana ci gaba da gurnani, sai an danne mata wuya kamar mai bori. Ban san wa ke cikinta ba, ba kuwa zan zauna masa a cinya ba."

Ni ina gefe ina shan fura. Na ce, "Amarya, kishi kike yi da ita, don ku biyu ne kuka ƙi tafiya a gidan nan."

Ta jefo mini mafici. "Kai, mijin banza, da ka iya wani abu ai da kai za ka goya ni." Sannan ta juya ga ɗanta, murya ta sauka. "Ka sa ni a motar haya."

Duk gidan mun san ba za ta iya ba. Ƙafafunta sukan kumbura in ta daɗe a zaune, kuma motar haya ta Ngaundare mutum kan mutum ake lodawa, ga sauyin mota a hanya, ga jira a tasha. Sai an kwantar da ita a kujerar baya, a tsaya inda ta ce a tsaya. Ita ma ta sani. Amma ta ce ko dai motar ta mutu da makulli a gaban idonta kamar ta kowa, ko kuma ita da Hassana su haɗu inda ake haɗuwa.

Baffa bai yi gardama da ita ba, bai saba ba. Ya koma ƙarƙashin mota. Ya kwance wajen makulli ya sake haɗawa. Ya aika Yola aka kawo masa wani na gwanjo, ya saka, mota ta ci gaba da ƙuginta. Ya bi wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya har ya cire kan batir gaba ɗaya, ta ƙi kulawa. Ita kuwa siririyar robar da ya yanka, ko kallonta bai yi ba. Ta yaya abin da babu komai cikinsa zai zama dalili? Da yamma yakan fito ya dubi kudu, wajen Banyo, ko hadari ya taso. Inna kuma ta ɗaure ƙunshin kayanta ta ajiye a bakin gado, ba ta kwance shi ba. Matarsa Kaltumi ta ce a kwanakin nan ko tuwo sai an tuna masa.

Abin ya zo masa ne a mayanka. Ya yanka akuya, ya tsaga ƙafar baya ya sa baki yana hurawa don fata ta saki jiki, yadda suke yi kullum. Da ya zo fitar da kayan ciki ya jawo maƙogwaro, sai ya tsaya yana kallonsa. Ya leƙa ciki. Babu jini, babu ruwa, babu abinci. Fayau. Amma ta nan ran akuyar ke bi.

Abokin aikinsa ya ce, "Shu'aibu, saye za ka yi ko addu'a kake masa?"

Ya miƙa masa wuƙa ya ce, "Ƙarasa mini." Ya wanke hannu ya kama hanyar gida, abin da bai taɓa yi ba kafin a gama aiki.

Ya tada mota, ya lalubo guntun robar inda ya bar ta tana lilo, ya ɗora ɗan yatsa a bakinta. Ta tsotse yatsan kamar jariri. Iska take ja. Ya nemo ɗaya bakin can ƙasa, ya yanko tiyon mai na tsohon babur ya haɗa su, ya ɗaure da zaren ɗinkin buhu. Bai gwada ba. Ya shiga gida ya ce, "Inna, ki fito ki gani."

"Ka gwada ta mutu?"

"A'a. Ke kika ce a gaban idonki."

Aka kawo mata kujera 'yar tsugunno aka ajiye nesa kaɗan. Kaltumi ta tsaya bakin zaure da ludayi a hannu. Papa Georges ma ya leƙo ta kan katanga. Baffa ya rufe murfin inji, ya shiga ya zauna, ya ɗaga hannuwansa biyu don ta ga babu abin da yake dannawa, sannan ya sauke ɗaya ya murɗa makulli. Motar ta yi tari sau ɗaya, ta girgiza, ta yi shiru. Har kukan kurciya muka ji daga kan darbejiya.

Inna ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Sake."

Ya tada, ya kashe.

"To, yanzu ta zama baiwar Allah. Kaltumi, ɗauko mini ƙunshina."

Washegari da safe suka tafi, Inna kwance a baya kan katifa, Kaltumi a gaba da kwanon dambun nama. Ni ba a ɗauke ni ba, wai motar ba ta da wurin baki biyu. Sauran labarin daga Kaltumi na ji. Sun kwana a Ngaundare wurin dangi. Bayan Tibati yayyafi ya same su, jar ƙasa ta fara santsi, motar ta yi ta rawa da ƙugu amma ta haye. Sun shiga Banyo da la'asar.

Hassana na kwance a tabarma cikin ɗaki, idonta ya yi rauni, ba ta gane mai shigowa. Inna ta tsaya bakin ƙofa ta yi sallama. Tsohuwar ta ɗago kai ta ce, "Dela ce? Muryar ce dai ba ta tsufa ba. Matso in taɓa sauran." Inna ta rarrafa ta zauna kusa da ita, Hassana ta shafa fuskarta ta ce haƙoran ma sun gudu. Inna ta ce, "Ai wurin naki suka tafi ziyara." Kaltumi ta ce daga nan ita da Baffa suka fito waje, don hirar ta koma sunayen mutanen da ba su taɓa ji ba.

Da gari ya waye hadari ya sake haɗuwa, Baffa ya ce in ba su juya yau ba sai bayan damina. Inna ta ce, "Ku juya. In ruwa ya ɗauke ka zo ka ɗauki wadda ka tarar."

Da kaka ta yi, ya koma ɗauko kaka. Inna ya tarar ita kaɗai, zaune a bakin ɗakin. Ta yi damina guda tana dama wa yayarta kunu, kuma ita ta rufe mata ido da hannunta.