Rayuwar Farfesa Lahbib Zergoun, Mai Kwarin Ƙarƙashin Ƙanƙara

Haihuwa da asali

An haifi Lahbib ɗan Bouhafs Zergoun a garin Illizi, a kudu maso gabashin Aljeriya, cikin hunturun shekarar 1946 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1365 Hijiriyya. Mahaifinsa mutumin Metlili ne, direban babbar mota mai jigilar gari da sukari da kananzir tsakanin garuruwan Wargla da Janet, mahaifiyarsa kuwa, Tekna 'yar Khamma, ta fito ne daga Abzinawan tsaunukan Tassili. Shi ne na uku cikin 'ya'ya shida, kuma dangi sun yi ittifaƙi a kan cewa shi kaɗai ya kwashe taurin kan uwar tasu, bai rage wa kowa ba. Allah ya ƙaddara masa shafe kusan rabin rayuwarsa yana jayayya da manyan masana a kan wani kwari da ke binne ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika, kwarin da shi kansa bai taɓa gani da idonsa ba, kuma a kan wannan magana guda sunansa ya rataya har ƙarshen kwanakinsa.

Karatu

Ya fara karatun Alƙur'ani a Illizi, sannan a shekarar 1954 aka kai shi gidan kawunsa a Wargla domin karatun zamani, inda ya yi firamare da sakandare cikin shekarun yaƙin neman 'yanci, makaranta tana buɗewa tana rufewa. A shekarar 1966 ya samu gurbi a Jami'ar Aljer, babban birnin ƙasar, ya zaɓi ilimin duwatsu da sassan ƙasa, alhali kowa a gidan yana jiran ya ji an ce likitanci. An ruwaito cewa da labari ya iske mahaifinsa yana ƙarƙashin mota yana gyara, ko fitowa bai yi ba ya ce, “Duwatsun da suke farfasa mini tayoyi kullum, su za ka je birni ka karanta? To ka zo in nuna maka su kyauta.” Duk da haka shi ya kai shi har Aljer da motarsa, da buhun dabino a baya.

Aikin Tassili

Bayan kammala digiri a 1970 ya shiga aikin neman man fetur, aka tura shi yankin da aka haife shi. Shekara takwas ya yi yana bin duwatsun Tassili da ƙafa, da guduma a hannu, yana zana taswirar wasu tsofaffin kwaruruka masu ƙunci da zurfi, waɗanda yashi ya cike tun da jimawa har ya zama dutse. Masana sun riga sun tabbatar cewa shekaru sama da miliyan ɗari huɗu da suka wuce wannan yanki yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, ƙanƙara ta lulluɓe shi, kuma ruwan da ke gudu a ƙarƙashin ƙanƙarar ne ya sassaƙa waɗannan kwaruruka. Masu neman mai sun damu da su saboda mai yana taruwa cikin yashin da ya cike su. Shi kuwa Lahbib siffarsu ce ta shiga ransa: bango a tsaye ƙyam, baki ɗan ƙarami, ciki kuma ya zarce yadda ido yake tsammani. A kansu ya rubuta kundin digirinsa na uku, wanda ya kare a Faransa a 1978.

Aure da 'ya'ya

A shekarar 1973 ya auri Messaouda 'yar Alhaji Tayeb, malamar lissafi a Wargla, mace mai kaifin harshe wadda ba ta taɓa barin ilimin mijinta ya hau masa kai ba. Allah ya azurta su da Ilyes a 1974, da Soumia a 1977, sai autarsu Najet, wadda aka haifa a 1982 bayan iyalin sun koma Turai.

Antaktika

A shekarar 1981 wata cibiyar bincike ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai ta gayyace shi cikin tawagar da ke zana taswirar ƙasar da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika, bisa hujjar cewa mutumin da ya taka gindin tsohuwar ƙanƙara da ƙafarsa zai iya karanta gindin ta yanzu. Ya fara zuwa can a ƙarshen 1983, ya kuma koma sau biyu. Yadda ake aikin shi ne, jirgin sama yana bin layi miƙaƙƙe yana aika saƙon radar zuwa ƙasa, saƙon ya ratsa ƙanƙara mai kaurin kilomita biyu ko uku, ya bugi dutse ya dawo, daga jinkirin dawowarsa a gane zurfin wurin. Amma a wasu wurare amsar ba ta dawowa sam, sai layin ya yanke a kan takarda, ya sake ɓullowa can gaba. Al'adar masu aikin a wancan zamani ita ce a ɗora rula a haɗa bakin nan da bakin can, a ɗauka na'ura ce ta yi gardama, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce a tsakani. Kowa haka ya koya, kuma sau da yawa ba a yin asara.

A shekarar 1986, yana nazarin layuka uku da jirgi ya bi kusa da juna a wani yanki na gabashin nahiyar, Lahbib ya lura cewa amsar ta ɓace a dukkansu a wuri ɗaya, da faɗi kusan ɗaya. Bai yi wata-wata ba ya bayyana wa tawagar cewa lafiyar na'ura ƙalau, kwari ne a wurin, mai tsayayyen bango, wanda saƙo ke faɗawa ciki ya kasa fitowa, ya kuma ƙiyasta cewa gindinsa ya kai mita dubu ɗaya ƙasa da layin da rula ta ja. Maganar tana da nauyi, domin idan kwarin ya miƙe har teku, to ƙofa ce da ruwan teku zai iya bi ya ci ƙanƙarar ta ƙasa.

Taswirar 1988

Shugaban tawagar, Farfesa Rolf Engeset, dattijo ne mai gaskiya da tsantseni, wanda bai yarda a zana abin da ba a auna ba. Lahbib ya amsa masa cewa layin rular ma ai ba a auna shi ba, ya nemi ko dai a zana kwarin, ko a bar wurin fari fat. Aka ƙi duka biyun, domin masu ba da tallafi ba sa son taswira mai rami a tsakiya. A taron ƙarshe na watan Maris 1988, Engeset ya ce masa a gaban kowa, “Zergoun, kai duk inda ka duba Sahara kake gani. Sa hannu mu tafi cin abinci.”

“Ku je ku ci, Farfesa,” in ji Lahbib. “Ni ba zan sa sunana a kan ƙasar da rula ta haifa ba.”

Taswirar ta fito babu sunansa, kuma da wa'adin aikinsa ya cika a 1989 ba a sabunta ba. Maƙalar da ya wallafa shi kaɗai a shekarar ba ta samu masu goyon baya ba, sai dai a tarukan masana aka riƙa kiran duk wani giɓi na radar da suna kwarin Lahbib, ana dariya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba.

Komawa gida

Ya koma Wargla da iyalinsa a kakar 1989, ya kama koyarwa, ya zauna daram cikin shekarun tashin hankalin da suka biyo baya, lokacin da abokan aikinsa da dama suka bar ƙasar. Ya zama farfesa a 1997, ya sauke farali a 2003, ya yaye ɗalibai masu yawa waɗanda har yau suke tuna cewa ba ya karɓar zanen da aka cike giɓinsa da zato ba tare da an rubuta cewa zato ne ba. Maƙwabta sun san shi da Alhajin Ƙanƙara. A ranakun bazara, idan wuta ta ɗauke, firji ya mutu, Messaouda takan leƙo daga kicin ta ce, “Malam Lahbib, mai ƙanƙara kilomita uku, a taimaka mana da 'yar guntuwa mu sa a ruwa mana.” Yakan ce ta yi haƙuri, tasa ba ta sha ba ce.

Cikin 'ya'yansa Najet ce ta bi sawunsa, ba da shawararsa ba, hasali ma ya so ta yi lauya. Ta karanci ilimin auna cikin ƙasa da na'urori a Aljer, ta ƙaro a waje, ta ƙware a kan sabuwar radar da ake ja a kan ƙanƙara a hankali maimakon a ɗauke ta a jirgi, wadda ke iya jin amsa daga ƙuntataccen wuri. Shekara shida tana neman a amince mata ta ja na'urar a kan yankin da mahaifinta ya yi magana, sai a 2017 aka ba ta izini.

Shekarun ƙarshe

Farfesa Lahbib ya yi ritaya a 2011. A 2016 ciwon ƙoda ya kama shi, ya shiga wankin ƙoda a kai a kai, kuma zuwa kakar 2017 likitoci sun sanar da iyalin cewa zuciyarsa ta yi rauni matuƙa. Najet ta zo Wargla a watan Nuwamba da niyyar janyewa daga tafiyar, ta same shi a tsakar gida bayan la'asar, an jingina shi da matashi, shayi ya huce a gabansa.

“Baba, na fasa. Wani zai ja na'urar, ko a bari sai baɗi.”

“Baɗin wa? Naki ko nawa?” ya ce. “In kin zauna me za ki yi mini, wankin ƙodar za ki karɓa daga hannun likita?”

“In wani abu ya faru ina can, ba zan iso ba. Ka sani.”

“Na sani sarai, na fi ki sanin wurin. Ga Ilyes, ga Soumia, ga uwarki da ba ta barin mutum ya mutu cikin kwanciyar hankali. Masu binne ni ba su yi kaɗan ba, 'yata. Mai auna mini wurin nan ce guda ɗaya.”

Messaouda, wadda ke tankaɗen garin kuskus a gefe, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Tafi kawai. In kin zauna ma da maganar zai kashe mu.” Najet ta tafi tana kuka a farkon Disamba.

A mako na biyu na Janairun 2018 ta kira ta wayar tauraron ɗan'adam daga sansaninsu, Ilyes ya kara wa mahaifinsu wayar a kunne. Ta shaida masa cewa sun ratsa wurin sau da dama, amsa ta dawo tar, kwarin yana nan da tsayayyen bangonsa, ya kuma nufi teku, gindinsa mita dubu ɗaya da ɗari huɗu ƙasa da tsohon layin. Waɗanda ke ɗakin sun ce hawaye ya riƙa bin gefen fuskarsa. Da ya buɗe baki sai ya ce, “Ɗari huɗu? Kin tabbata?” Ta ce ta tabbata. Ya ce, “Ashe na yi kuskure. Ilyes, ɗauko biro.”

A ranar ya yi wa ɗansa shiftar gyara zuwa ga mujallar da ta buga maƙalarsa ta 1989, yana sanar da masu karatu cewa marubucin ya gaza a ƙiyasinsa da mita ɗari huɗu, yana kuma neman afuwa. Ya so a aika wa Engeset kwafi, aka tuna masa cewa dattijon ya rasu tun 2004. Ya ce abin ya ba shi haushi, domin mutumin kirki ne, da ya ji daɗin ganin an auna.

Rasuwa

Allah ya karɓi ran Farfesa Lahbib Zergoun da hantsin ranar Talata, 16 ga Janairu 2018, a ƙarshen watan Rabi'ul Akhir 1439, a gidansa da ke Wargla, yana da shekara saba'in da biyu. An yi masa salla bayan la'asar, aka binne shi a maƙabartar unguwarsu, kusa da kabarin kawunsa, cikin taron dangi da maƙwabta da tsofaffin ɗalibansa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Messaouda, da jikoki bakwai, da 'ya'ya uku: Ilyes, injiniyan ruwa a Wargla, wanda ya saka shi a kabari, Soumia, likitar yara a Ghardaia, wadda ta yi jinyarsa, da Dokta Najet, wadda ba ta halarci jana'izar ba. Labari ya same ta a bakin aiki, ta tsayar da na'ura, ta yi masa addu'a a tsaye a kan ƙanƙarar da ke saman kwarin, sannan ta ƙarasa layin da ta fara.