Ranar da Aka Kori Magabci Daga Kwamfutar Coci

Ranar Asabar za a binne Mama a ƙauyenmu, can bayan Zangon Kataf. Ranar Alhamis da hantsi ina tsaye a ofishin cocinmu a Kafanchan, ina kallon kwamfutar da ta ƙi buɗuwa. A wajenmu, a yi jana'iza babu furogiram, ɗan littafin nan mai hoton mamaci da tarihinsa da waƙoƙi, abin gori ne har jikoki. Mako biyu ke nan da na miƙa wa sakataren coci takardun tarihin Mama. Shi ya nace zai buga, wai Mama uwa ce a zumuntar mata, saboda haka aikin coci ne.

Yanzu ga shi yana ta sharce gumi. Wai ya sa kalmar sirri irin wadda take tare mutum tun kafin kwamfuta ta gama farkawa, don kada 'yan kwaya, mawaƙan coci, su riƙa kallon fim. Kuma wai ta ɓace masa.

Na ce, "Baba, ba ka rubuta ta a wani wuri ba?"

Ya ce, "'Yata, wannan ba mantuwa ba ce. Aikin magabci ne, Shaiɗan."

To fa! Kafin sha biyu dattawan coci huɗu sun hallara. Na ce musu shekara shida na yi ina aiki a shagon kwamfuta kusa da tashar jirgi. Akwai wani ɗan batir kamar kwabo a cikin akwatin kwamfutar, in an cire shi na ɗan lokaci, kwamfutar za ta manta da kalmar. Babban dattijo ya dube ni ta saman tabarau. Kayan Ubangiji, in ji shi, ba a kwance shi sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa sai Lahadi bayan sujada. Lahadi! Mama ta riga ta kwana a ƙasa ke nan.

Sakatare ya yi wuf ya goyi bayansa, ya ce addu'a ce magani. Suka zagaye tebur, suka ɗora hannuwa a kan gilashin kwamfutar, suka bar akwatin a ƙasa kusa da ƙafata. Kowa ya san addu'ar babban dattijo: daga Farawa, farkon Littafi Mai Tsarki, take tasowa, ba ta sauka sai Ru'ya ta Yohanna, ƙarshensa. Da na ga idanu sun rufe, na durƙusa kamar mai neman gafara. Na zare wayar wuta, na zame murfin da ƙusoshinsa suka daɗe da ɓata, na ɓalle batirin da tsinken gashina. Na riƙe shi a tafin hannu tun addu'ar tana Masar har ta kai inda Isra'ilawa suka haye Urdun, sannan na mayar da komai.

"Amin!"

Aka kunna, ta ɗan yi ƙara, ta buɗe. Dattawa suka ɓarke da Halleluya, ɗaya har da taka rawa. Sakatare kaɗai ya yi tsuru-tsuru.

Na ja kujera, na buɗe fayil ɗin. Sunan Mama ne a sama da manyan baƙaƙe, shi ma da kuskure. Ƙasansa fari fat, ko layi ɗaya babu.

Raina ya ɓaci. "Baba, ina takardun da na ba ka?"

Ya sosa ƙeya, ya ja aljihun tebur. Ambulan ɗin na nan a liƙe yadda na kawo shi. Na yage bakinsa, na fara bugawa ina share hawaye da gefen ɗankwali. Shekara arba'in matar nan tana share cocin nan kowace Asabar, amma an rasa wanda zai ba ta yini guda.

Babban dattijo bai ma lura ba, yana cikin murna. Ya dafa kujerata ya ce, "'Yata, ranar Lahadi dole ki tashi ki ba da shaida gaban jama'a."

Na ce, "Zan bayar, Baba. Daga farko har ƙarshe."

Sakatare ya zauna daɓas.