Ɗanyen Kifi a Hannun Auta

Duk wanda ya san bakin kogin Gashua ya san Suwaibatu mai banda, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganinta a zaune. A tsaye take cin tuwo, a tsaye take faɗa, in ka ja mata gaisuwa sai ka ƙarasa da ƙeyarta. Shekara talatin da ɗoriya tana karɓar tarwaɗa da karfasa daga hannun masunta, ta feɗe, ta jera bisa waya, ta hura wuta. Ranar kasuwa kwalayenta su tafi Nguru wajen ƙanenta Ibram, shi ke loda su a motocin Kudu. Dokarta ɗaya ce: kifin da ya bar ruwa, kada rana ta take bai ga wuta ba.

To, hayaƙi ya ci mata ido, gwiwa ta fara gardama. Banda na neman magaji, kuma cikin 'ya'yanta biyar autan ne kaɗai ya iya riƙe wuƙa. Shi kuwa autan, Zakir, shekararsa uku a Abuja yana aiki a gidan abinci. Ranar da Ibram ya nuna mata hoton aikin a waya, sai da ta kai shi dab da ido.

"Wannan ai ba a dafa ba."

"Haka ake cinsa, Yaya. Sushi sunansa, abincin mutanen Japan ne. Sai manya ke shiga wurin."

"Ɗan mai banda ne zai riƙa ba mutane ɗanyen kifi? Nema mini mota."

Kwana biyu tana bita a zuci, a hanya ma ba ta runtsa ba: zai tattara kayansa ne su dawo tare.

Da ta isa Abuja, Zakir ya roƙi mai gidan abincin, aka ba ta kujera a gaban kantar da yake yanka, bayan azahar. Tun daga ƙofa wurin bai kwanta mata ba. Gidan kifi ne wai, amma babu ƙarni, babu hayaƙi, ko ƙuda ɗaya babu, sai sanyi mai shiga ƙashi. Kujerar doguwa, ƙafarta na reto. Sau biyu tana sauka, sau ɗaya ma har ta fara haɗa farantan maƙwabcinta kafin ma'aikaciya ta karɓe da ladabi. Tsinkaye biyun da aka ajiye mata na cin abinci ta juya su, ta ture gefe.

Can ta hango naman kifin a bayan gilashi, ja kamar gwanda, babu kai babu jela.

"Auta, ina kansa?"

Mutane suka waiwayo. A Gashua ko mahaukaci ba ya karɓar kifi bai ɗaga kunnensa ya leƙa ba. Zakir bai yi musu ba, ya shiga ciki ya fito da kan a bisa ƙanƙara. Ta ɗaga kunnen, jawur. Idon garau. Ta danna da yatsa, naman ya taso. Ta nemi aibu ta rasa, wannan ya ƙara ɓata mata rai.

Sai ya ɗauki wuƙa. Ja ɗaya, yanka ya kwanta sumul, ba tsaga ba ragowa. Ita ta koya masa fiɗa, amma wannan ba ita ta koya masa ba. Masu manyan riguna suna ta kallon hannunsa, wani har yana kiransa da suna. Ya dunƙula 'yar shinkafa, ya shafa wani koren yaji, ya ɗora yankan, ya ajiye a gabanta.

"Inna," ya ce a hankali, "a nan da an ajiye ake ci. In baƙo ya bari, ya ƙi hannun mai yanka ke nan."

Ta dubi ƙarshen kantar, ga mai gidan a tsaye ya harɗe hannu. Ta dubi ɗanta. Ya zuba mata ido yana jira. Tausayinsa ya kama ta, haushi ma ya kama ta. In uwar da ta haife shi ta ƙi, wa ya rage?

Ta yi bisimilla, ta ɗauka da yatsu, ta jefa baki. Sanyi da santsi, sannan yajin ya hau mata hanci har hawaye ya zubo. Ta daure ta haɗiye.

"Yaya kika ji, Inna?"

"Shinkafar dai ta dahu." Ta share ido da bakin mayafi, ta gyara zama. "Sake yanko mini."

Maganar da ta ɗauko daga Gashua ba ta fito ba, har ya raka ta tasha washegari. Mota na ɗagawa ta kira Ibram, ta ce ya fara cigiyar wanda zai karɓi banda.