Jikar da Asibi Ta Hura wa Iska

Asibi, Allah ya jiƙanta, shekara talatin tana karɓar haihuwa a garin Ƙofa. 'Yar siririya ce, goro a kunci, hannunta kullum da ƙanshin man shanu. Haihuwar bakwaini ce aikinta mafi nauyi.

In jariri ya faɗo watanninsa ba su cika ba, kuma bai yi kuka ba, sai ta auna tafin ƙafarsa da babban yatsanta. In ya kai tsawon yatsan, ta hura masa iska a baki, ta murza bayansa, ta naɗe shi a auduga. In bai kai ba, ta lulluɓe shi da zane ta ce, "Mai shi ya karɓi abinsa." Haka ta koya wurin uwarta. Ta taɓa tambayar wani malamin asibiti a Tudun Wada, ya ce likitocin birni ma sikeli da numfashi suke dubawa, sauran sanin sai Allah. Ta dawo hankalinta kwance.

Da kakar 1956 'yarta Furera ta haihu a wata shida da 'yan kwanaki. Mata sun cika ɗaki. Asibi ta auna, ƙafar ba ta kai ba. Ta miƙa hannu za ta ɗauki zane, Furera ta ce, "Inna, har ni?"

Sai Asibi ta durƙusa ta hura. Ta yi ta hurawa har jiri ya ɗebe ta. Yarinyar ta yi ɗan kuka kamar 'yar kyanwa. Kwana arba'in Asibi na ɗauke da ita a ƙirji, tana ɗiga mata nono. Ta rayu.

Ranar da aka fito da ita tsakar gida, Kande matar Maikano, wadda Asibi ta lulluɓe wa 'ya'ya biyu, ta shigo, ta daɗe tana kallon jaririyar.

"Barka, Inna Asibi. Ashe iskar bakinki ta 'yan gida ce."

"Kande, wallahi ban san za ta rayu ba."

"Ni kuwa na ɗauka kin sani. Shi ya sa ban roƙe ki ba."

Daga nan aka daina aiko wa Asibi. Ko naƙuda ta yi tsanani, sai a tafi Bebeji neman wata. Baiwar Allah ba ta taɓa ƙorafi ba. Takan zauna bakin murhu, jikar a cinya, tana kiran sunayen matan da ta lulluɓe wa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Shekara uku tana haka. Da ta rasu Kande ba ta zo gaisuwa ba, kuma ba wanda ya iya ganin laifinta.