Sun Durƙusa Saboda Autanmu

Autanmu ya fi kowa tsawo a layinmu na Sabon Gari tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Ni ce babba a gidan, na ba shi shekara tara, kuma tun da Mama ta rasu ni na ƙarasa renonsa. Ina koyarwa a wata firamare a Samaru. Shi kuma da an tashi daga makaranta sai ya hau bas ya zo filin ƙwallon kwando da ke cikin jami'a, ya yi ta tsalle har rana ta yi sanyi. In na gama duba littattafan yara sai in biya in ɗauke shi mu koma gida tare, yana warin gumi, gwiwoyinsa na tokare kujerar gaba, masu bas suna mita.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma dattijo a cocinmu. Bai ɗauki ƙwallo a bakin komai ba, sai ranar da kocin su Auta ya zo gidanmu da takarda a hannu, ya ce wata jami'a a Amurka ta ba yaron gurbin karatu kyauta domin ya buga musu wasa. Baba ya sa tabarau ya karanta takardar sau biyu. Ranar Lahadi ya tashi gaban jama'a ya ba da shaida. Yana saurayi ya yi aiki ƙarƙashin injiniyoyi Turawa, kuma har ya tsufa bai daina ba da labarinsu ba: yadda suke zuwa aiki kan lokaci, yadda wani ya taɓa korar ɗan'uwansa Bature saboda ya mari lebura. A wurin Baba, ƙasar waɗannan mutane wuri ne da gaskiya ke da daraja.

Shekara biyu komai lafiya. A ta uku gwiwar Auta ta goce a filin wasa, aka yi masa aiki, bai ƙara komawa yadda yake ba. Ya ci gaba da karatun a hankali, yana tuƙa mota yana kai wa mutane kaya gida-gida.

Wata Asabar da rana ina wanki waya ta yi ƙara. Lamba ce da ban sani ba, aka fara da muryar na'ura da Turanci, sannan na ji shi.

"Yaya, ki samu wuri ki zauna."

Na zauna a kan bokitin da na kifa. Ya ce wata biyu ke nan yana tsare. An yi fashi a wani kanti a unguwar da ya kai kaya, mai kantin ya ce baƙin mutum ne dogo, sanye da riga mai hula. 'Yan sanda suka tare motarsa a titi na biyu, suka kwantar da shi a ƙasa, suka kai shi gaban mai kantin. Mutumin ya dube shi yana cikin motar 'yan sanda ya gyaɗa kai. Lauyan da hukuma ta ba shi sau biyu kawai suka haɗu. Ya gaya masa cewa in ya amsa laifin shekara shida ne, in kuwa ya ja aka shiga shari'a ya faɗi, zai iya shafe ashirin.

"To ka gaya musu ba kai ba ne mana!"

"Na gaya musu, Yaya. Na gaya wa kowa."

"Yanzu me za a yi?"

"An riga an yi. Jiya na amsa."

Na ɓoye wa Baba maganar har wata huɗu. In ya tambaya sai in ce jarrabawa ce ta riƙe shi. Ranar da na gaya masa yana zaune a baranda yana goge takalminsa na zuwa coci. Ya saurare ni har na gama, bai ajiye burushin ba.

"Da bakinsa ya ce ya yi?"

"Baba, tilas ce ta sa."

"A gaban alƙali?"

"E."

"To ya yi ke nan. Can ba nan ba ne. Ba sa ɗaure mutum haka kawai."

Daga ranar bai ƙara ambaton sunansa ba. Ya cire hotonsa daga bangon falo ya sa a cikin akwati. Auta yakan samu damar kira sau ɗaya ko biyu a wata, minti goma sha biyar, kuma duk lokacin da na miƙa wa Baba wayar sai ya tashi ya shiga ɗaki. Ni ma, in zan faɗi gaskiya, akwai ranakun da nake cikin keke napep a hanyar Samaru in ji zuciyata ta ce, to idan fa ya yi? Shekara nawa ba ki gan shi ba? Sai in ji kunyar kaina ta kama ni har in kasa kallon wanda ke kusa da ni.

A shekarar da annoba ta sa aka rufe makarantu, Koci ya sake zuwa gidanmu. Ya yi furfura sosai. Shi kaɗai ne cikin mutanen waje yake tambayata labarin Auta ba tare da ya rage murya ba. Bayan gaisuwa ya fito da wayarsa ya ce, "Baba, akwai abin da nake so ku gani."

Hoton bidiyo ne na manyan 'yan ƙwallon kwando na can, waɗanda yaran Samaru ke manna hotunansu a bangon ɗaki. Sun jeru a gefen fili, kowa ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, sun saƙala hannuwa, ana buga taken ƙasarsu. Baba ya matso da wayar kusa da idonsa.

"Addu'a suke yi?"

"A'a, Baba. Kuka suke kaiwa. Suna cewa 'yan sanda da kotunan ƙasarsu ba sa yi wa baƙar fata adalci. Ana kashe wasu a titi, ana cika gidajen yari da wasu. Akwai ma ranar da suka ƙi fitowa wasa gaba ɗaya."

"Waɗannan ba masu kuɗi ba ne?"

"Masu kuɗi ne ƙwarai."

"To me ya dame su?"

Koci ya ce kusan kowane ɗaya a cikinsu yana da ƙane ko kawu ko abokin yarinta da ke ciki, kuma su kansu in suka cire rigar wasa suka shiga mota ana tare su kamar kowa. Ya ce an zage su a kan haka, an ce su rufe baki su buga ƙwallo, akwai wanda ya rasa aikinsa. Baba ya sa ya maimaita bidiyon. Sannan ya nuna wani Bature da ke durƙushe a tsakiyarsu.

"Wannan fa?"

"Kocinsu ne. Shi ma ya ce gaskiya suka faɗa."

Baba ya ƙura wa wayar ido. Can ya ce, "A nan na san ana yi. Da idona na ga an kwashe yaran layin nan a mota ba su yi komai ba. Amma can…" Bai ƙarasa ba. Ya miƙa wayar, sannan ya tambaya, "Sun san ɗana?"

"Ba su san shi ba, Baba."

"To."

Wannan ne karo na farko cikin shekara uku da na ji ya ce ɗana.

Bayan an sassauta kulle, Koci ya shirya wasan sada zumunci a wani fili na siminti a Samaru, tsakanin yaransa da wata ƙungiya daga Kaduna. Ya aiko cewa yana so mu zo. Ban zaci Baba zai yarda ba, amma da rana ta yi sai na same shi ya sa kaftaninsa yana jirana a bakin ƙofa. Muka ɗauki shatar keke tun daga Sabon Gari. Da muka wuce Hanwa sai ya ce, "Ashe da nisa haka yake zuwa kullum."

'Yan kallo ba su da yawa: ɗalibai da suka rage a gari, masu sayar da ruwa, 'yan acaba da suka tsaya a kan baburansu. Aka samo wa Baba kujerar roba. Kafin alƙalin wasa ya busa usur, Koci ya shiga tsakiyar fili ya yi magana a taƙaice. Ya ce akwai tsohon yaronsa da ke ɗaure a ƙasar waje kan laifin da bai yi ba, kuma mahaifinsa yana nan zaune. Sai 'yan wasan, har da baƙin, suka sa gwiwa ɗaya a kan simintin.

Ba zan ce abin ya yi kyau kamar na cikin waya ba. Simintin ya ɗauki zafi, wasu suna ta gyara ƙafa. Wani a bayanmu ya yi dariya ya ce, "Su kuma waɗannan kwaikwayon 'yan Amurka suke yi." Wani ya amsa masa cewa su fara durƙusa wa na gidan yarin Zariya tukuna. Mai rake bai daina kiran ciniki ba. Yawancin waɗanda suka durƙusa ba su taɓa ganin Auta ba. Duka-duka bai fi minti ɗaya ba suka miƙe suna karkaɗe gwiwa, aka jefa ƙwallo sama.

Na dubi Baba. Ya cire hularsa ya riƙe a cinya, idonsa na kan filin. Mutane sun juyo suna kallonsa, abin da ya shekara uku yana gudu ke nan. Bai sunkuyar da kai ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya ce mu tafi. A cikin keke ya tambaye ni, "Yaushe yake kira?"

Kiran ya zo ranar wata Lahadi bayan mun dawo daga coci. Na ce, "Auta, ga Baba." Na buɗe muryar wayar na ajiye a kan tebur.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Kana cin abinci?"

"Ina ci."

"Gwiwar fa?"

"Tana damuna lokacin sanyi."

Ana jin hayaniyar maza da ƙarar ƙofofin ƙarfe ta can ɓangaren.

"Zan tambaye ka sau ɗaya. Ka yi?"

"Ban yi ba, Baba."

"To don me ka tsaya gaban alƙali ka ce ka yi? Haka na koya maka?"

"Na ji tsoro ne. Na lissafa, na ga in shekara ashirin ce ba zan same ku ba."

Baba ya dafa teburin da hannu biyu. Na yi ta yi masa alama da ido cewa ya yi magana, lokaci na tafiya. Auta ya ce, "Baba, kuna ji na?" Baba ya gyaɗa kai, kamar yaron yana ganinsa. Muryar na'ura ta shigo ta ce saura minti ɗaya. Sai a sannan ya ce, "Allah ya tsare ka." Layin ya yanke.

Sun ƙara magana sau uku bayan wannan, duk a kan abinci da ruwan sama da waɗanda suka mutu a layinmu. Ban taɓa jin Baba ya ce masa na yarda da kai ba, ban kuma ji ya ce na yafe ba. Da damina ta zagayo hawan jini ya kayar da shi a banɗaki. Kwana tara ya yi a asibiti a Shika, bai iya magana ba, ya cika. Ni na gaya wa Auta a waya. Bai yi kuka ba, ya ce akwai mutane a bayansa suna jiran layi.

Su kuwa manyan 'yan wasan, a hankali suka daina durƙusawa. Wasa ya koma yadda yake. Wani lokaci ina jin haushinsu, in ce sun tashi sun koma gidajensu sun bar ƙanena a ciki. Wani lokaci kuma in tuna cewa abin da na kasa sa Baba ya saurara cikin shekara uku, su ne suka sa shi ya saurara, alhali ba su san da mu ba. Har yau ban tsaya a kan ɗaya ba.

Da Auta ya gama wa'adinsa ba su sake shi cikin gari ba. Daga gidan yari suka wuce da shi wani wurin tsare baƙi, daga nan suka sa shi a jirgi. Ya sauka da jakar leda ɗaya. Yanzu yana zaune a wurina a Samaru, inda na koma bayan rasuwar Baba, yana taimaka wa wani mai gyaran janareta. Koci ya zo har sau biyu yana roƙonsa ya riƙa leƙa fili ko da zama ne kawai, ya ce sai wani lokaci. Ba ya son a rufe ƙofar ɗaki, kuma yana cinye abincinsa cikin minti biyu, hannu ɗaya a zagaye da kwanon.

Watan jiya muka tashi za mu Sabon Gari duba gidan Baba, wanda rufinsa ya fara yoyo. A Kwangila wani ɗan sanda ya ɗaga wa kekenmu hannu. Da direban yake, wai ya ɗauki mutum a inda bai kamata ba, ko kallonmu bai yi ba. Ina juyowa na ga Auta ya ɗaga hannuwansa biyu, tafin a buɗe, ya manna su a jikin ƙarfen da ke gabansa. Idonsa na kallon gaba, gumi na bin wuyansa. Matar da ke gefenmu ta dube shi ta dube ni.

Na ce, "Auta, sauke hannunka. Gida kake."

Ya ce, "Na sani, Yaya."

Bai sauke ba sai da keken ya tashi.