Ƙahon da Ba a Ajiyewa

Ina shekara ta huɗu a Dubai zafin bazara ya kore ni zuwa Jojiya. Aikin kago, wato lodi da sauke kaya, nake yi a wani sito a Al Qusais, ina kwana a Hor Al Anz, mu shida a ɗaki ɗaya. Hutun kwana biyar aka ba ni, wanda ba zai ishi zuwa Kano ba. Wani abokin ɗakina, mutumin Kumasi, ya ce in tafi Jojiya, tikiti da araha, ga sanyi ga duwatsu. Ban ma san ta wane gefen duniya ƙasar take ba, na dai tafi.

A rana ta biyu na ɗauki direba ya hau da ni duwatsu. Hanya ce mai yawan kwana, dama dutse, hagu ramin da ba a ganin ƙarshensa. Na karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Wajen azahar muka tarar duwatsu sun zubo sun tare hanya. Direban ya ce da ni, da guntun Turancinsa, gidan kawunsa yana kusa, mu je can mu jira.

Kawun dogon tsoho ne mai farin gashin baki. Bai tambayi ko ni wane ne ba. Kafin in zauna sosai matarsa ta cika tebur: burodi mai cuku a ciki, wake a tukunyar ƙasa, ganyaye iri-iri da ban san sunansu ba. Direban ya gaya musu ba na cin alade, aka ɗauke faranti ɗaya, babu wanda ya ɓata rai. Na saki jiki na ci har na ji kunyar kaina.

Sai tsohon ya sauko da ƙaho biyu daga bango, masu bakin azurfa, ya miƙo mini ɗaya. A gidanmu idan babba ya miƙo maka abu ba ka tambayar na mene ne. Na rusuna na karɓa da hannu biyu, har da godiya, na zaci tsaraba ce. Ina cikin yaba aikin ya ɗauko tulu ya cika mini shi fal da giyar inabi.

Ƙaho ba shi da gindi, babu yadda za ka ajiye shi bai zube ba. Direban ya raɗa mini cewa da tun farko na ƙi karɓa, da babu komai, amma wanda ya karɓa sai ya shanye. Na ce me ya hana shi faɗa musu ba na sha? Ya ce ai alade na ce masa.

Tsohon ya miƙe da nasa ƙahon ya fara jawabi, yana duban hoton wani saurayi a bango. Ya daɗe yana magana. Direban ya ce ɗan tsohon ne da ya rasu, wannan shan don tunawa da shi ne. Ni ban taɓa kai giya bakina ba, kuma ba a kan dutsen Jojiya zan fara ba. Amma yaya zan zubar da rabon mamaci a gaban ubansa, bayan na ƙoshi da abincinsu? Haushin kaina ya ishe ni.

Tsohon ya shanye nasa, kowa ya juyo yana kallona. Turanci ya gudu ya bar ni, sai na ji ina Hausa.

“Baba, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ba na sha, addinina ya hana. Wallahi ban san yadda zan yi da wannan ba.”

Na maimaita wa direban da Turanci, shi kuma ya fassara da kalmomin da ba su wuce uku ba. Har yau ban san me ya ce ba. Tsohon ya dube ni, ya miƙo hannu ya karɓi ƙahon. Matarsa ta yi masa magana da faɗa, bai kula ta ba, ya kafa kai ya shanye. Ta tashi ta bar teburin.

Sai da muka koma mota direban ya gaya mini an yi wa kawun aikin zuciya, ko ƙaho ɗayan ma da kyar matar take bari. Amma abin da aka zuba don ɗansa ba ya komawa tulu, kuma ba a kunyata baƙo a gidansa.

Da na dawo Hor Al Anz na ba 'yan ɗakinmu labari, suka rabu biyu. Wasu suka ce na kyauta, wani ya ce ai miƙa giyar ma laifi ne. Na bar su suna gardama na fita na kira direban, na tambayi jikin tsohon. Ya ce kwana biyu ya yi a kwance, amma ya tashi, kuma yana ta tambaya ko baƙonsa ya ji haushin an matsa masa. Na tsaya a bakin matakala da waya a kunne, na ce a gaya masa ban ji haushi ba, ni ne nake neman afuwarsa.