Gonar da na yi wa Malam Attahiru alkawari

Ina zaune a ƙofar gida da ƙwauri a kumbure labarin ya iske ni. Na ɗauki gorar wasan ɗana Lawwali zan gwada wa 'yan canji yadda ake bugun ƙwallo, na sheme ƙafata da kaina. Suna cikin dariya aka zo aka ce Malam Attahiru Yari, malamin wasanni na sakandare, ya rasu, ranar Talata 11 ga Maris, 1986. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da ɗingishi na bi gawarka, Malam.

Ni a aji huɗu karatuna ya tsaya, amma wannan ta'aziyya da hannuna zan rubuta ta.

Kai ka kawo ƙwallon gora, wato hoki, Illela. Da ƙodagon goriba ka fara koya wa yara a bayan makaranta, mutane na cewa malami ya zautu. Ni ne kan gaba. Ranar da ka zo roƙon in bar Lawwali ya daina bi na Kwanni, ƙetaren iyaka, da kaya, ce maka na yi sanda ta makiyayi ce da makaho, wacce ciki kake so ɗana ya zama? Ka yi murmushi ka sha furata. Takalmansa na farko naka ne, da tsumma a ciki don su zauna masa.

Da aka zaɓe shi zuwa gasar da aka gayyato ƙasashe a Legas, na ce a gaban jama'a, in ya jefa wa baƙi ko ƙwallo ɗaya, na ba ka gonata ta hanyar Kalmalo ka yi filin wasa. Na san ba za ta yiwu ba, shi ya sa na ɗaga murya.

Cikin ƙungiyoyi shida namu suka zo na biyar. Sun yi kunnen doki da Gana, Indiyawa suka ɗura musu bakwai da ɗaya. Wannan ɗayan na Lawwali ne. A rediyonka muka ji, ka tashi tsaye, ka koma ka zauna, ba ka tuna mini komai ba. Ni kuma na ce sai bayan girbi. Girbi ya wuce, ciwo ya kwantar da kai, ina ta cewa sai ka samu sauƙi.

A zaman makoki ƙanena Junaidu ya raɗa mini: "Yaya, mai alkawari ya tahi. Mi za a yi da hilin wasa? Kuma bakwai da ɗaya hwa aka yi muna."

Na ji. Bakwai ɗin na ƙasa ne duka, a raba. Ɗayan na Illela ne, kuma Malam ya ƙera shi da ƙodago. Masu cewa wasan ya bi ka kabari su zo su faɗa mini a gonar.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ga maiɗakinka Saudatu da ɗiyarka Raliya da ɗalibanka, Allah Ya ba ku haƙuri.

Damina na tafe, Junaidu har ya kai taki gonar. To, ya je ya kwashe abinsa. Bana ba za a shuka gero a gonar nan ba, ko da tuwon gidana zai ragu. Da ƙafar nan ta saɓe zan fara tumɓuke kututture, Malam. Ka yafe mini jinkiri.

Halliru Mai Canji, Illela